Ƙullin Bahaguwa

Sau uku Kawu Bang ya jefa kwabban tambaya a cikin faranti, sau ukun nan kuwa suka faɗi fuska ɗaya. A tsibirinmu ba wanda bai san ma'anar wannan ba. Idan mamaci ya yarda, kwabo ɗaya ya kife, ɗaya ya kalli sama. Idan suka yi fuska ɗaya, to ya ce a'a ke nan.

Tsohon ya ajiye farantin ya dubi Sen. "Ya ƙi shiga."

"Sake jefawa, Kawu. Hannunka ne ke rawa."

"Shekara goma ke nan hannuna na rawa, 'yar nan, ba wanda ya taɓa ƙin shiga sai wannan ƙanen naki mai taurin kai."

A gabansu a kan tabarma mutum ne kwance, na yumɓu. Haka muke yi wa wanda teku ta ci ba ta dawo da gawarsa ba. A haƙo yumɓu a kan dutse, a kirɓa shi da auduga, a yi wa mamacin haƙarƙari bakwai da reshen itacen da ake ciyar da tsutsar alharini, a yi jijiyoyi da zare, a gina shi kamar yadda yake a raye, sannan a kira kurwarsa ta shiga a binne shi a gefen gonar tafarnuwa. Kabarin iska muke ce masa. Wanda ba a yi wa ba yana can yana gantali a bisa ruwa, ba gida, ba mai zuba masa shinkafa ranar tunawa da shi. Duk tsibirin kuma Kawu Bang kaɗai ya rage da ya iya wannan gini, shekarunsa tamanin da uku.

"Laifin ba nawa ba ne," in ji shi. "Abin da kika faɗa mini shi na gina. Yaro ɗan shekara sha bakwai, siriri, mai faɗin kunne. Wanda ya mutu kuwa shekararsa ashirin da ɗaya, ya yi huɗu a bakin daga. Ya zo ya leƙa, ya ga ba jikinsa ba ne, ya juya. Ke za ki shiga gidan da ba ki gane ba? Nemo mini wanda ya gan shi a ƙarshe. Ki kuma yi sauri, don hannun nan ba zai kai baɗi ba."

Sen ta jiƙa buhu ta rufe fuskar yumɓun. Ba ta yi kuka ba, haushi ne ya cika ta. Shekara talatin da ɗaya tana jiran yaron nan, yau ya zo har ƙofar gida ya koma.

Sunansa Vien, shi ne autansu, ita ce babba, shekara huɗu tsakaninsu. Ɗan masunta ne gaba da baya, amma tunda aka haife shi bai taɓa hawa kwalekwale ya sauka da abincinsa a ciki ba. Kafin a wuce bakin gaɓa ya fara amai. Ubansu ya gwada faɗa, ya gwada citta, ya gwada ɗaure masa ciki da zane, a banza. Daga ƙarshe ya tattara shi ya miƙa wa Sen, ya ce tunda ba zai yi aikin maza ba ya zauna cikin mata ya ɗinke taru. Abin kunya ne babba a wurinmu, samari har waƙa suka yi masa. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya miƙe ƙafa a yashi kusa da yayarsa ya ce, "Koya mini, Yaya."

To ita Sen bahaguwa ce, ƙullinta a juye yake. Inda kowa ke zagayawa ta dama ita ta hagu take bi, ta kuma ƙara zagaye ɗaya saboda zare kan zame mata. Matan bakin ruwa kan ce ko a cikin taru ɗari suna gane wanda Bahaguwa ta taɓa, ga muni ga wuyar kwancewa. Shi Vien da dama yake cin abinci, amma da yake a hannunta ya koya, ƙullin hagun ya ɗauka, bai kuma san wani ba. Hannunsa da taushi. Duk wanda ƙugiya ta shige wa yatsa wurinsa yake zuwa, yana ba mutum labarin banza har ya zare ta bai ankara ba.

Shekarar da yaƙi ya yi zafi ana kwashe samari, wata safiya ya same ta a rijiya ya ce zai bi wasu su tsallaka su yi arewa. Ta ce masa bai da hankali. Ya yi dariya ya ce, "Can ai tudu ne, Yaya, duwatsu da daji. Na huta da amai." Ta dunƙula masa shinkafa da gishiri a ganyen ayaba, ya tafi. Ko hoto ɗaya ba su da shi, wasiƙa kuwa ba ta taɓa zuwa ba.

Sai bayan an gama yaƙi takarda ta iso mai jan hatimi. Sojan ruwa, mai jinya, ya rasu a fagen kudu. Sen ta karanta wurin nan na sojan ruwa sau biyu, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Inna mahaifiyarsu kuwa ta karɓi takardar ta tura ƙarƙashin randar shinkafa ta ce takarda ba gawa ba ce. Shekara goma sha takwas tana ajiye masa kwano da tsinken cin abinci, duk wanda ya yi mata zancen kabarin iska ta kore shi da tsintsiya. Sai bara, tana kwance ciwon ajali, ta kama wuyan hannun Sen ta ce, "Bayan raina ki kawo shi gida. Ni na kasa, ke kina iyawa."

Shi ya sa bayan kwabban sun ƙi, da maigidanta ya ce ta haƙura, an yi iya yi, Sen ba ta ko tanka masa ba. Ta ɗura tafarnuwa buhu biyu, ta ɗaure takardar a ƙugu, ta shiga jirgin ruwa na safe.

A wani ofishi a babban gari aka ce mata jiragen da irin su Vien suka yi aiki a ciki ba su da lamba. Kamar na masunta aka yi musu fenti, suna ɗauko makamai daga arewa a ɓoye, mutanen ciki ma sunayen aro suke amsawa. Akawun ya ce ta dawo wani watan. Ta ce to. Ta zauna a bencin da ke fuskantar teburinsa, ta kwance bakin buhu ta hau ɓarar tafarnuwa. Ranar farko ya yi kamar bai gan ta ba. Rana ta biyu ya buɗe tagogi. Rana ta uku idonsa na hawaye ya ce, "Uwa, ki ji tausayina," ya shiga ciki ya fito da sunaye uku a 'yar takarda.

Na farko ya rasu tuni. Na biyu tsohon matuƙi ne a Da Nang, rabin jikinsa ya shanye. Ta faɗi sunan Vien, ya girgiza kai. Ta faɗi sunan tsibiri, ta kwatanta kunnuwa, ya girgiza kai. Har ta ɗauki hularta za ta fita, sai ta juyo ta ce, "Ba ya hawa ruwa bai yi amai ba."

Tsohon ya tuntsire da dariya har miyau ya zubo masa. "Likita Mai Bokiti! Haba, ai da kin faɗa tun ɗazu! Wa bai san shi ba? Ba jirginmu ɗaya ba, amma je ki Sa Huynh ki tambayi Luc makanike. Tare suka yi tafiyar ƙarshe."

Ta sami Luc da hantsi a wata rumfar kwano bayan filayen gishiri, kansa a cikin injin jirgi, baƙin mai har gwiwar hannu. Gajere ne kakkaura, yana jan ƙafar dama. Bai ɗago ba ya ce, "Ba ma sayen tafarnuwa."

"Ba sayarwa na zo ba. Ni ce yayar Mai Bokiti."

Sifana ta suɓuce masa ta faɗa cikin injin. Ya ɗago a hankali ya yi ta kallon kunnuwanta. Can ya ce, "Yaya Sen. Bahaguwa." Ya jawo mata kujera ya goge da rigarsa, ya ƙara ɓata ta da mai.

Ta faɗa masa abin da ya kawo ta ba kwana-kwana: ga yumɓu can a rufe, ga kwabbai sun ƙi, ga tsoho na gab da kasawa. Kamanninsa take so, daga kai har ƙafa.

"Siriri kika ce? Wa ya faɗa miki?" in ji Luc. "Ƙato ne! Kafaɗa haka, saboda ɗaukar akwatuna. Hancinsa ya karye ya karkata hagu, murfin rami ne ya buge shi ranar wata guguwa, shi ya gyara abinsa da hannunsa, ya kuwa gyara a karkace, ɗan banza. Hannun dama daga nan zuwa nan tabon ƙuna ne, tukunyar da yake dafa allurai ce ta kife masa. Kai kuma ƙwal, ba gashi. Cewa yake gashi na riƙe wari."

Sen tana ji tana ƙirgawa da yatsu don kada ta manta. Wani baƙon mutum ake kwatanta mata, ƙanenta kuma.

"Su wane marasa kai ne suka sa shi a ruwa?" ta tambaya.

"An ce ɗan tsibiri ne, shi ke nan. Shi kuma bai buɗe baki ya ce ba zai iya ba. Sau biyu kyaftin ya ce zai mai da shi asibitin tudu, ya ce to wa zai ɗinke waɗannan jakunan in sun yage? Bokiti yake ratayawa a ƙugu, Yaya. Yana ɗinke ka, ya ce dakata, ya juya ya yi abinsa, ya wanke hannu ya ci gaba. Tafiya tara ya yi a haka. Kafin kowace tafiya sai an jera mu an karanta mana jawabin jana'izarmu muna tsaye da ranmu, shi kuwa yana raɗa mini wai a sa masa bokitinsa a akwatin gawarsa."

Daga nan muryar Luc ta sauka. Ya ce tafiya ta tara gari ya waye musu suna hango gaɓa, jiragen yaƙi uku sun sa su a tsakiya. Aka yi ta ruwan wuta. Kyaftin ya ce kowa ya faɗa ruwa, ya kunna wa nakiya zare don kada kayan su shiga hannun abokan gaba, ya ce minti goma. Shi Luc gutsuren ƙarfe ya tsarge masa cinya, ko miƙewa ba ya iyawa. Vien ya ɗaure cinyar, ya jawo jarka wadda ba komai a ciki, ya ɗaure masa ita a wuyan hannu da igiya, ya tura shi ruwa. Mutum huɗu ya yi wa haka. Na biyar yana ɗakin tuƙi, katako ya danne shi.

"Ina cikin ruwa ina ƙwala masa kira, Likita, faɗo, lokaci ya ƙare! Na gan shi da idona. Ya zo bakin jirgi ya sunkuya, na ce yawwa, zai faɗo. Ashe amai ne ya taso masa. Ya gama, ya goge baki da bayan hannu, ya koma ciki."

A waje wata mata na jan gishiri da katako, ƙarar na shigowa rumfar.

Luc ya tashi ya ce ta biyo shi cikin gida. A kan teburin da yake kunna wa magabata turare, kusa da hoton iyayensa, akwai faranti da wata guntuwar igiya da ta yi baƙi. Ya ce matan da ke tonon ƙumba ne suka tsince shi a yashi, suka yi ta fama da ƙullin da haƙori da farce suka kasa, sai yanke igiyar suka yi ta gefe.

Sen ba ta taɓa ba tukuna, ta sunkuya ta duba. Zagayen ta hagu ya bi, ga kuma ƙarin zagaye ɗaya. Ana ruwan harsashi, nakiya na ci, yaron nan bai tsallake zagayen da ta koya masa ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da takarda ta zo.

"Uku ga watan biyu ne, a lissafin wata," in ji Luc. "Kowace shekara ina dafa masa. Faten shinkafa da citta, shi kaɗai ke zama masa a ciki."

"Ashe bai yi yunwa ba," ta ce. "Shekara ashirin da bakwai kana ciyar mini da ƙane. Na gode, ɗan'uwa." Ta share fuska da bakin riga. "Yanzu sai ya zo gida. Ba ni igiyar."

Luc ya tsaya tsakaninta da teburin. "In kin tafi da ita, me zan kunna wa turare?"

"To kawo ta da kanka. Hancin nan ma ni ban san iya karkatarsa ba, kai ka sani."

Ya kau da kai. Ya ce tun daga ranar nan bai sake sa ƙafa a jirgi ba. Injin ma sai an ciro an kawo masa tudu. Ko gada ce in tana bisa ruwa runtse ido yake.

Sen ta ɗaura hularta. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta zo lallashi ba. "Wanda ya ɗaura maka jarkar nan sau tara ya hau, yana amai. Sha biyar ga wata za a sake ginin. Jirgin safe ƙarfe bakwai yake tashi." Ta bar masa ragowar tafarnuwar a bakin ƙofa ta tafi.

Da ta koma ta tarar Kawu Bang ya ƙara lalacewa, kofin shayi ma da hannu biyu yake kai wa baki. Ya saurari abin da ta ƙirgo a yatsu, ya sa aka rushe tsohon ginin aka sake kirɓa yumɓun da ƙari, tunda mutumin ya yi kafaɗa. Ranar sha biyar aka shimfiɗa tabarma tun da safe, dangi da maƙwabta suka cika tsakar gida. Tsohon ya jera rassan haƙarƙari, ya ɗauki zaren alharini zai ɗaure, zaren ya zame. Ya sake, ya zame. A karo na uku ya ajiye hannuwansa a cinya ya dube su.

"Mace ba ta taɓa ƙashin gini," wani daga baya ya ce.

"Wa ya tambaye ka?" in ji Kawu Bang. "Shekara sittin ina wannan aiki, ni zan faɗi wanda ke taɓawa. Matso, Bahaguwa."

Ta durƙusa ta ɗaure haƙarƙari bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta hagu, kowanne da ƙarin zagayensa. Tsohon ya bi da yumɓu yana rufewa da tafin hannu, ya fitar da kafaɗu, ya yi kai ƙwal, ya kankare hannun dama da bakin cokali daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Saura hanci. Sen ta kasa kunne, ta ji jirgin safe ya yi ƙaho a gaɓa. Ta ce a dakata.

Aka dakata har rana ta fara zafi, yumɓu na neman tsagewa, mutane na gunaguni. Sai ga wani gajeren mutum ya shigo yana jan ƙafa, fuskarsa fari fat, gaban rigarsa a jiƙe, yana riƙe da bokitin roba da ma'aikatan jirgi suka ba shi.

"Tun daga tasha nake yi," in ji Luc. "Ƙanen nan naki ne ya shafa mini, na rantse."

Bai gai da kowa ba. Ya ajiye bokitin, ya durƙusa da ƙyar, ya dubi fuskar yumɓun. Ya sa babban yatsa mai baƙin mai ya tura hancin hagu, ya ja baya ya duba, ya ƙara turawa kaɗan. Ya zaro igiyar daga aljihu, ya riƙe ta jim kaɗan, sannan ya sa ta a tafin hannun dama ya naɗe yatsun yumɓun a kanta.

Aka shafe jikin da kwanduwar ƙwai, aka sa masa tufafi. Kawu Bang ya kunna turaren tsinke ya fuskanci teku, ya kira sunan Vien da na ubansa da na kakansa, ya faɗi ranar, uku ga watan biyu. Ya ɗauki kwabban, hannunsa na kaɗawa har suna ƙara, ya saki. Ɗaya ya kwanta nan take yana kallon sama. Ɗayan ya yi ta juyi a bakin farantin, tsakar gidan tsit, sannan ya kife.

"Ya shiga," in ji tsohon.

Luc ya kifa kai a gwiwa. Sen kuwa ta miƙe ta shiga ɗakin Inna, ta ɗauko kwanon nan da tsinkensa, ta cika shi da faten shinkafa mai citta, ta ajiye a gefen kan ƙanenta.

"Ka ce mini tudu za ka je, maƙaryaci," ta ce. "To ga ka a tudu. Ci, Auta. Nan ƙasa ba ta motsi."